Rasuwar Akwatin Tambaya na Bakin Kasuwar Bodinga

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, amma ba tare da sunkuyar da kai ba, Malama Safinatu Mainasara, mai koyarwa a ajin yaƙi da jahilci na Bodinga, tana sanar da jama'ar Danchadi da Kajiji da Lambara rasuwar abokin aikinta, Akwatin Tambaya. Ya rasu ranar kasuwar da ta wuce, da hantsi, yana da shekara uku da wata biyu.

Mode kafinta ne ya ƙera shi da katakon maɗaci a farkon 1980, ya yi masa baki siriri, ya rataye shi a jikin dalbejiyar bakin kasuwa. Duk mai tambaya sai ya rubuta, da boko ko da ajami, ya jefa. Wanda bai iya ba ya sa a rubuta masa. Safinatu ta buɗe da la'asar, ta bi malamin gona da malamin dabbobi da ungozoma, ranar kasuwa mai zuwa ta liƙa amsa a allo da lambarta.

Marigayin mai riƙon sirri ne. Bai taɓa faɗin wace mata ta tambayi abin da take jin kunyar tambayar mijinta ba. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, takarda ta gagari talaka, bai raina abin da aka ba shi ba: takardar siminti, kwalin sukari, bayan hoton ɗan takara. Maganarsa biyu ce tak. In takarda ta faɗa cikinsa ya ce "ƙwas", in an ɗaga murfinsa ya ce "ƙiii".

Abu ɗaya ya raba Safinatu da shugaban kwamitin ajin, Alhaji Ɗanmalam, tun watan farko, shi ne tambayar da aka maimaita. Shi a ganinsa in an amsa sau ɗaya an gama, saura a yage. Ita kuwa allura da zare take ɗauka, ta ɗinke sabuwar a jikin tsohuwar. Ta farko ita ce uwa, na baya ɗiyanta. Kafin ta ɗinke sai ta karanta ɗiyar har ƙarshe, domin sau da yawa kama kawai take yi da uwar. In igiyar takardun ta yi tsawo kuma, ta san wani abu na tafe a ƙauye. Alhaji kan yi dariya ya ce, "Ke ɗiyar Mainasara, makaranta kika yi ko ɗinki?" Ta sha wannan, ta sha waɗanda suka ce mace ba ta tsayawa bakin kasuwa da alli a hannu. Ba ta fasa zuwa ko sau ɗaya ba.

Ciwon ajali ya kama marigayin da ranin nan, sa'ad da aka tura ta kwas na mako huɗu a Sakkwato, ta bar makulli a hannun Alhaji. Akwai wata uwa mai lamba goma sha bakwai, daga daminar 1981: "Mi ka sa shanu zawo?" Amsarta a lokacin gaskiya ce: sabuwar ciyawa ce, a ba su kanwa, a yi haƙurin kwana kaɗan. To, a bayan Safinatu tambayar nan ta riƙa dawowa, daga Kajiji, daga Lambara, daga rugage. Alhaji ya karanta layin farko, ya ga "zawo", ya rubuta a allo, "An riga an amsa, a duba ta sha bakwai." Takardun kuma ya sa a wuta.

Makiyaya suka duba ta sha bakwai. Suka ba da kanwa, suka yi haƙuri, suka ci gaba da shayar da masu ciwo da masu lafiya a rijiya guda. Babu sabuwar ciyawa da rani. Ciwon da suke kira bushiya ne, annobar shanu mai yaɗuwa.

Haliru na Kajiji ya shiga rani da shanu ashirin da uku, yanzu saura huɗu. Ya zo kasuwa da sandarsa, ya tsaya gaban dalbejiya, Safinatu na nan, kwananta biyu da dawowa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malama, kauce. Wanga akwati shi yak kashe min shanu." Bugu uku ya yi. A na ukun marigayin ya ce "ɓas", maganar da bai taɓa yi ba, ya rabu biyu. Safinatu ba ta riƙe Haliru da komai ba. Ya yi tambaya, kamar yadda aka ce a yi.

Marigayin ya bar uwaye ɗari biyu da shida, da ɗiyansu a ɗinke, da kwaɗo guda da har yanzu ke kulle a kan komai babu. Ya kuma bar wasiyya. Da ya tsage, sai ga takardu tara da suka maƙale a tsagin gindinsa, hannun Alhaji bai kai gare su ba. Duk tarar suna maganar zawo a layin farko. A layi na biyu kuwa suna cewa hawaye, da gyambo a baki, da ƙin cin abinci. Ɗaya ta Haliru ce.

Safinatu ta samu labari cewa kwamiti zai zauna bayan kasuwa mai zuwa, cewa amsa ta sha bakwai da hannunta aka rubuta, don haka ita za a sallama, a kuma sauke allon. An aiko Inna Uwani, ƙanwar mahaifinta, ta ce mata, "Ɗiyata, ki ba Alhaji takardun nan, ki ba shi haƙuri, a rufe maganag ga." Safinatu ta durƙusa ta gaishe ta, ta raka ta har zaure. Takardun suna nan ɗaure a haɓar zanenta.

Za a yi jana'iza ranar kasuwa mai zuwa, bayan azahar, kafin kwamiti ya zauna. Ba za a yi masa salla ba, katako ne. Mode zai haƙa rami a gindin dalbejiyar. Kafin a rufe, Safinatu za ta karanta takardun taran da ƙarfi, kowace har layinta na ƙarshe, ta faɗi ranar da ta tafi Sakkwato da ranar da ta dawo. An ajiye wa Alhaji Ɗanmalam tabarma a sahun gaba, kusa da ta Haliru.

Masu zuwa gaisuwa kada su kawo goro. Kowa ya zo da tambayarsa, ko da an taɓa yin ta sau ɗari. Safinatu za ta zo da ƙwarya, da allura da zare.