Gwajin Taya da Kunne

Zan kai surukina garin Tanda a tsohon moton da na gada, wato babur, sai na tsaya gun mai faci a ƙara wa taya iska. Ya ɗauko abin awo, na ce ya ajiye. Ni da kunne nake gwada taya, kamar kankana.

Na ƙwanƙwasa. "Ba ta nuna ba. Ƙara!"

Surukina ya ce, "Ɗana, tayar nan ta girme ka fa."

"Baba, bar ni da aikina."

Muka kama hanya. Daidai shingen duwan, wato 'yan kwastan, tayar ta fashe kamar bindiga. Masu fasa-ƙwaurin jarkokin esansi, wato fetur, suka watse cikin gero, surukina ya yi rub da ciki yana salati.

Har yau in na taɓa kankana a kasuwar Gaya, sai mai ita ya toshe kunnuwa: "Jama'a, ku kwanta, gwani zai gwada!"