Nomau da Murjani Mai Rai

Mu huɗu ne a gidanmu na Gumel: ni, da ƙanena Nomau, da jikana Nazifi mai aikin asibiti, da matarsa Sakina. Nomau ya ba hamsin baya. Ba ya ƙarya, ba ya ƙiwa, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. In ka ce ya jira ka a gindin bishiya ka manta, can za ka same shi da kaka.

Shi kuwa Nazifi, duk dabbobin duniya bai ga na kiwo ba sai wani dutse mai rassa a cikin akwatin gilashi cike da ruwan gishiri da 'yan kifaye. Wai murjani ne mai rai, daga teku. Ni murjanin da na sani a wuya ake rataya shi. Shekara shida yana renon abin nan da kwalabe biyu. Farar kwalba ita ke ba shi abin gina ƙashi. Shuɗiya kuma tana kashe tsamin ruwan, aikin da kanwa ke yi a miyar yakuwa. In ɗaya ta rinjayi ɗaya, murjani ya koɗe ya mutu.

Da aka tura shi kwas na sati uku a Kaduna, har da matar, sai na ji Sakina tana ce masa, "Anya Kaka za ta iya? Abin na masu karatu ne."

Na ce, "Ke yarinya, 'ya'ya tara na yaye ban duba takarda ba. Dutse ne zai gagare ni?"

Na karɓi amana a gaban kowa. In ya mutu a hannuna, na rasa bakin magana a gidan nan har in koma ga Allah. Sai dai idona ba ya ganin zanen murfin awo, dole Nomau ya zama hannuna.

Wata rana, kwana ɗaya da tafiyarsu, na ce, "Nomau, ka ji abin da yaron nan ya ce. Na kwalaben nan kada su haɗu. Ka nisanta su." Da hantsi na nemi shuɗiyar kwalba sama da ƙasa. Sai ga shi da azahar, zufa har ƙafa.

"Ina kwalbar?"

"Tana gona, Yaya. Na binne ta a gindin kuka."

"Gonar da ke bayan gari?"

"Na so in kai ta Maigatari, rana ta yi zafi. Ko nisan bai isa ba?"

Na tasa shi a gaba da muciya har bakin ƙofa, ya koma ya tono ta.

Wata rana kuma ranar gwajin ruwa ta zo. Akwai 'yar kwalba kamar ta turare, a ɗebo ruwan a ciki, a ɗiga magani ɗigo-ɗigo har launi ya juya. Na ɗebo masa ruwan na ce, "Ka zuba ido, da ka ga launi ya juya ka kira ni." Na tafi barkar haihuwa. Na dawo bayan la'asar na tarar da shi zaune a inda na bar shi, ya ƙura wa 'yar kwalba ido, hawaye na zuba, maganin yana gefe ko buɗe shi bai yi ba.

"Bai juya ba, Yaya. Amma sau biyu na ƙifta, wataƙila a nan ya wuce ni."

Wata rana sai babbar ta faru. Na ce, "Murfi ɗaya na fara, murfi ɗaya na shuɗiya. Daidai wa daida, kada ɗaya ta fi ɗaya ko da ɗigo." Ya zuba fara, ta ɗan gota. Sai ya ƙara shuɗiya don ta kamo. Ita ma ta gota. Ya ƙara fara. Haka ya yi ta raba musu gardama har kwalabe suka kusa rabi. Na shigo na ga ruwa ya yi fari fat kamar kunun gyaɗa, kifayen ma ba a ganinsu.

"Innalillahi! Nomau, me ka yi?"

"Saura kaɗan su yi daidai, Yaya. Shuɗiya ce ke gaba da ɗigo biyu."

Muka kwashe rabin ruwan muka maye da na jarkar da Nazifi ya haɗa ya ajiye. Na kulle kwalaben a akwatina, na rataya makulli a wuya. Washegari ruwa ya washe, amma murjani ya tsuke jikinsa, ya yi fari-fari kamar mai jinya. Na kasa cin tuwo. Muryar Sakina kawai nake ji a kunnena.

Wata rana, saura kwana shida su dawo, na yanke shawara. Tunda aikin kanwa shuɗiyar ke yi, ai gara ta gaske da ta kwalba. Na ɗauko jar kanwata mai kyau, dunƙule guda, na ce, "Nomau, jiƙa wannan a kwano. Ka bari ta kwanta, in ta yi garau kamar ruwan gilashin can, sai ka juye masa duka." Daga nan ban ƙara tambaya ba. Kwana uku murjani ya fara buɗe jiki. Kwana biyar launinsa ya dawo, 'yan gashinsa na kaɗawa.

Suna sauke jaka na ja Sakina gaban gilashi. "To 'yar boko, duba. Kwalabenku sun kusa kashe shi, kanwata ta tashe shi."

Nazifi ya dafe ƙirji. "Kanwa, Kaka? A ruwan nan? Nawa?"

"Dunƙule guda, ja'iri."

Ya ɗebi ruwa ya ɗiga magani yana ƙirgawa. Ya sake gwadawa. Ya ce, "Ruwan nan lafiya lau. Da dunƙulen kanwa ya shiga nan, da ko kifi ɗaya ban tarar ba."

Sai ga Nomau ya fito daga ɗakinsa, riƙe da kwano da hannu biyu, yana takawa a hankali.

"Yaya, yau kwana shida, har yanzu ja take. In ci gaba da jira?"

Nazifi ya zauna a ƙasa yana dariya har da tari. Ya ce maganin ruwan da aka cika wa awo shi ne a ƙyale shi ya huta, kuma Kawu Nomau ne kaɗai ya san haka. Sakina ta rufe baki da mayafi.

Na gyara ɗaurin ɗankwalina na ce, "Wa ya ce masa ya jira ta kwanta? Ni ce ko ba ni ba?" Na karɓe kwanon na ce wa Nomau ya cire mini yakuwa a bayan ɗaki, kuma na faɗa masa adadin ganyen, don ina son in tarar da sauran gobe.