Wayar da Ta Riƙe Zambo Ta Saki Yabo

Ba zan taɓa mantawa da ranar kai jikata Hadiza gidan miji ba, shekarar da tsutsa ta cinye mana masara, damina biyu bayan rasuwar maigidana. Garinmu kaf an san bakina. In na miƙe a taro ina magana, ko akuya sai ta daina tuƙa.

Aibina ɗaya, in aka kwana uku ana biki muryata dishewa take. Sai na ce bari in ɗauki maganata a waya tun da wuri. Wayar tsohuwa ce mai maɓallai, ɗaure da kyauro. Ranar kasuwar Kunci na kai wa Malam Sale mai gyara, na ce ya sa mata memori mafi girma.

Ya ce, "Inna, zan sa, amma wayar nan gajeren hannu gare ta. Ko rumbu kika ba ta, iya bakin rumbun take kaiwa. Da wurin ya cika, ta tsaya."

Na ce, "Ɗan nan, wayar nan ta girmi gemunka. Kai dai sa."

Dangin ango Barebarin Tsanyawa ne, mu kuwa Fulani, kun san wasan da ke tsakani. Sai ka fara tsokana ka dama su, sannan ka juyo ka wanke su da yabo. Na shige ɗaki na danna, na fara da uwar ango, Hajiya Falmata. Ina tsaka da abin wayar ta yi ƙara, wani rubutu ya fito. (Ni da ban san ko alif ba, na ɗauka daɗi take ji.) Na ci gaba, na zuba yabon da ban taɓa yin irinsa ba. Ban ko saurara ba. Ni da bakina, me zan saurara?

Ranar kai amarya da la'asar, tsakar gidan su ango maƙil da mata, ga Hadiza a lulluɓe. Na ɗaga wayar sama. Aka ji ina cewa miyar Falmata sai an kunna fitila ake ganin nama, aka yi dariya. Aka ji ina cewa, "Da rowa sarauta ce, da tuni an naɗa Falmata." Sai tsit.

Na danna. Ta sake ɗaukowa daga miya. Na buɗe baki in ƙarasa, sai iska kamar ta tsohon zakara. Kukan da na jiyo ƙarƙashin mayafin Hadiza ba na al'ada ba ne.

Falmata ta ce, "Yaya, an gama?"

Na girgiza kai.

"Ashe da saura. To amarya ta shiga ɗakinta, ba ruwanta. Ke kuwa ba inda za ki sai mun ji sauran."

Kwana uku ina gidan ana ɗura mini citta da zuma. Duk tsokar da ke cikin miya sai Falmata ta nuna mini da yatsa. A na huɗu ta sake tara mata, na yi yabon. Ta ce na baya ba su ji ba, na maimaita.

Tun ranar na gane, in ba ka san inda za a katse ka ba, fara da alheri. Cikin tsofaffin da suka ga abin saura ni da Falmata, kuma har yau in na buɗe baki zan gaishe ta, sai ta ce, "Yaya, fara daga ƙarshe."