Yaƙin Sarkin Awo da Akun Marigayi Tanimu

Da sunan Allah muke farawa, Mai ɗaukaka wanda Ya so, Mai sunkuyar da wanda Ya so. Bayan haka, wannan shi ne tarihin gwarzon Kwarin Gawo, Alhaji Barmo Sarkin Awo, ɗan Gambo Mai Tiya, ɗan Tunau Baƙin Gero, ɗan Mantau wanda ya kafa rumfar hatsi ta farko a kasuwarmu. Zuriyar da ba a taɓa jin wani daga cikinta ya ja da baya ba, in ban da Tunau a ranar da ragon layya ya tsinke igiya, wannan kuwa masana sun yi ittifaƙi a kan cewa dabarar yaƙi ce. Alhaji Barmo shi ne wanda maroƙa ke kira Mudu mai tozo, Tsawa a rumfar dawa, Na Tabawa hana ɓera sakewa. Wanda in ya yi gyaran murya a bakin kasuwa, masu algus da ke can ƙarshenta sukan shiga ɓoye mudunsu.

Asalin fitinar kuwa rasuwar amininsa ce, Malam Tanimu Direba, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jigilar goro daga Kurmi. Ya bar gida da gona da tsohuwar mota, ya kuma bar wani aku mai launin toka da jar wutsiya, wanda ya daɗe yana zama da shi a gaban mota. Magada suka yi rububin gida, suka yi shari'a a kan gona, har tayar da ta fashe sai da aka yi rantsuwa a kanta. Amma da aka zo kan aku, sai kowa ya tuna yana da uzuri. Shi kuwa tsuntsun, tun ranar da aka fita da gawar ubangidansa ya ɗinke bakinsa, ya ƙaurace wa abinci sai ɗan abin da ba a rasa ba, ya shiga fizge gashin ƙirjinsa da kansa.

A nan ne Sarkin Awo ya miƙe a tsakiyar zaman makoki, ya gyara hannun riga, ya ce, "Ni na ɗauki amanar Tanimu. Kafin a watse daga sadakar arba'in, akun nan zai ci gyaɗa a tafin hannuna, kowa yana gani."

Malam Jatau, taubashinsa, wanda al'ada ta ba shi izinin faɗa masa abin da ko alƙali ba zai faɗa ba, ya ce, "Kai, bawana! Kai da ko kyanwar gidanku ba ta yarda ku haɗa hanya? Jama'a, a haɗa da aku a addu'ar, tun yanzu."

Da wannan rantsuwa da wannan izgili aka ɗaura yaƙi.

Farmaki na farko da karramawa aka kai shi, domin al'adar gidan Mantau ce ba a saukar da baƙo a ɓoye. Gambo, a zamaninsa, ya taɓa tara unguwa guda saboda wani falke da ya tsaya tambayar hanya kawai. Saboda haka Alhaji Barmo ya girke kejin a tsakiyar zaurensa, ya aika aka kira maƙwabta na gabas da na yamma, aka zo da mai kalangu, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida, aka tayar da turaren wuta har hayaƙi ya rufe azara, aka dire wa baƙo malmalar tuwon dawa da miyar kuka da farin goro a gefe. Sa'an nan dattawa suka shiga layi, kowa ya kanga fuskarsa a jikin waya, ya buɗe murya ya ce, "Sannu da zuwa! Yaya hanya? Yaya muka ji da haƙuri?" Akun ya maƙale a ƙuryar keji, jikinsa yana ɓari, ya ƙwalla wata ƙara irin ta birkin motar da ta shekara ba ta ga mai ba. Runduna ta janye a wannan rana ba tare da nasara ba, sai dai ba ta janye hannu wofi ba, gama ta cinye tuwon baƙon kafin ta watse.

Farmaki na biyu da kwarjini aka kai shi. An ruwaito cewa Gambo ya taɓa ƙura wa wani jaki mai taurin kai ido har jakin ya haye rafi don kansa, kuma ɗa ba ya barin makamin ubansa ya yi tsatsa. Sarkin Awo ya sanya babbar rigarsa mai aska, wadda in ya buɗe hannuwa take cika ƙofar zaure, ya kafa doguwar hularsa, ya tsaya a kan kejin kamar hadarin gabas, ya zuba wa akun jajayen idanun da suka sha razana dillalai. Da ya ga abokin gaba ya ƙanƙance, sai ya ɗauka alamar miƙa wuya ce, ya daka tsawa, "Kai aku! Ni ne Barmo! Sauko ka ci!" Ya cusa hannu cikin keji da gyaɗa a tafinsa.

Abin da ya biyo baya an yi saɓani a kansa. Maƙiya sun ce, da akun ya datse masa babban yatsa, cewa ya yi, "Wayyo! Hajiya, kawo tsumma!" Mu kuwa abin da muka samu a ruwaya mai inganci shi ne kirari ya yi nufin yi, zafi ne ya sauya masa lafazi. Abin da ba a yi jayayya a kai ba shi ne jini ya zuba a kan askar rigar, kuma an naɗe yatsan da ya yi shekaru yana shafe bakin mudu.

Daga nan al'amari ya tsananta. Ƙirjin akun ya zama fili, ƙashinsa ya fito, ba ya taɓa ko ƙwayar dawa sai zaure ya zama ba kowa. Ranar sadaka tana matsowa, Malam Jatau kuwa ba ya fashin zuwa dubiya, yakan leƙo ya ce, "Bawana, yaya masu jiki? Na ce wanne za a fara yi wa wanka, mai fiffike ko mai yatsa?"

Ana cikin wannan ƙunci sai Allah Ya kawo Nafi'u, mijin Saude 'yar Sarkin Awo, ya zo gaida surukinsa da ɗan ƙullin ɗanyar gyaɗa daga gonarsu. Ba da niyyar yaƙi ya zo ba, bai ma kula da kejin ba. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya shigo a sunkuye, ya tsuguna can gefe inda kejin yake, ya kafe idonsa a ƙasa kamar yadda kowane suruki mai kunya yake yi, ya shiga jero gaisuwa da muryar da sai an kasa kunne: "Baba, ina wuni. Ina gajiya. Yaya jikin hannun. Allah Ya ƙara sauƙi." Bai motsa ba, bai ɗaga kai ba. Sai ga akun ya karkata kai, ya dube shi da ido guda, ya sauko daga kan sandarsa a hankali, ya zuro baki ta tsakanin waya, ya zari gyaɗa daga ƙullin da ke jikin gwiwar Nafi'u, ya ɓare ya ci.

Hajiya Tabawa, uwargidan Sarkin Awo, ta ga komai daga bakin ƙofar cikin gida. Da Nafi'u ya tafi ta ce, "To, Alhaji, ka gani dai. Tsuntsun nan ba tsawa yake so ba. Gaisuwar surukai yake so."

Ya ku masu karatu, ku auna nauyin wannan magana. Mutumin da tun da aka naɗa shi gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba sai a sallah, wanda wanzaminsa kaɗai ya san kamannin tsakar kansa, shi ake cewa ya tsuguna wa abin da bai kai nauyin rabin mudu ba. Ya bincika tarihin kakanninsa daga Gambo har Mantau, bai sami wanda ya taɓa yin haka ba. Amma ya dubi ƙirjin akun, ya tuna Tanimu, ya tuna kuma dariyar Jatau. Ba mu san wanne ya fi nauyi a cikin ukun ba.

Da safiyar ranar sadaka ya yanke shawara irin ta manyan mayaƙa: zai gwada a ɓoye, in akun ya saba, sai ya maimaita a tsaye gaban jama'a da cikakkiyar shiga. Ya tura ƙyauren zaure, ya tuɓe babbar riga, ya cire hula, sanƙonsa ya ga hasken duniya. Ya buɗe ƙofar keji, ya sauka ƙasa da kyar, gwiwoyinsa suna ƙara kamar ana karya kara, ya kawar da kai, ya miƙa tafinsa, ya tattaro wata siririyar murya da ba a san yana da ita ba, ya ce, "Ina kwana. Ina gajiya. Yaya baƙunta. A yi haƙuri da abin da ya faru."

Ya daɗe a haka, cinyoyinsa suna rawa, gumi yana bin sanƙo. Can sai ya ji ƙafa mai kaifi ta sauka a kan yatsunsa, ya ji an ɗauki gyaɗa.

A daidai wannan lokaci Malam Jatau ya turo ƙyaure, dattawan unguwa suna biye da shi, sun biyo su tafi da shi wurin sadaka. Sarkin Awo ya yunƙura zai miƙe, gwiwoyi suka yi masa tawaye. Ya so ya kai hannu ga hula, hannu guda yana dafe da ƙasa, ɗayan kuwa aku yana kai yana kalaci. Haka ya zauna a tsugune, ba hula, daga shi sai 'yar shara, yana raɗa, "Ku yi a hankali, don Allah, kada ku firgita shi."

Malam Jatau ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna girgiza, ya ce cikin raɗa shi ma, "Na shaida, ya ci a hannunka, rantsuwa ta cika. Amma jama'a, ku gaya mini, a cikin su biyun nan wa ya yi wa wani mubaya'a?"

Daga bayan ƙofa aka ji muryar Hajiya Tabawa: "Allah Ya jiƙan mahaifina. Ya ba Alhaji 'ya sukutum, bai taɓa samun rabin wannan gaisuwa ba."

Wannan shi ne fatahi, wato babbar nasara, da Allah Ya yi a hannun ɗan Gambo, kuma nan alƙalaminmu ya tsaya. Akun ya murmure, gashin ƙirjinsa ya tsiro, sai dai ya kafa sharaɗin da bai sassauta ba: ba ya ci sai an tsuguna, ba hula. Saboda haka kowace safiya Nafi'u yakan biyo ta zauren kafin ya wuce gona, ya jira a gama gaisuwa, sa'an nan ya kawar da kai saboda kunya, ya kama surukinsa ta hammata ya ɗaga. Akun kuwa har yau bai taɓa amsa gaisuwar ba.