Leda Bai Bushe Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa baffan matata zane a gadon baya. Ko da na so in manta, gidan surukaina ba za su bari ba.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a nan Lafiya, kuma ina da ciwon da ke damun irinmu: ba na iya jin an karya Hausa in yi shiru. Abin da na gada wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa, wata tsohuwar jif ce mai shiga daji, wadda ba ruwanta da laka ko rami. Injinta ƙalau. Kujerun ne abin tausayi, soso ya leƙo ta ko'ina, ga wata waya a kujerar gaba da ke gaisawa da duk wanda ya zauna.

Da za a sa ranar aurena da Balaraba, sai aka ce ba abin da zai yiwu sai da yardar Baffa Sule na Doma, yayan mahaifinta. Shi kuwa an riga an tsegunta mini ya ce, "Yaron nan yana da garaje." Maganar ta tsaya mini a rai. Na san abokin mahaifina ne, a jif ɗin nan suke zuwa Keana sayen gishiri a zamaninsu. Sai na ce shi ke nan, zan gyara kujerun su koma yadda ya san su, in je in ɗauko shi da kaina. (Ango ba ya zama wurin sa rana, amma ai ba a hana shi zama direba ba.)

Na kai motar wurin Terna, wani ɗan ƙabilar Tibi mai ɗinkin kujerun mota a hanyar Azuba. Ya kwance kujerun, ya sa sabon soso, ya ɗinka musu leda da layi-layi gwanin kyau. Ni kuma na kafe sai ja mai duhu, launin da suke da shi a da. Ba a samu irinta a kasuwa ba, sai Terna ya ce zai fesa wa mai ruwan toka jan fenti, amma in ba shi kwana uku. Na ba shi ɗaya.

A nan sai ku lura: abin da ake lulluɓe kujerar mota da shi leda ne sunansa, ita ma farar nan da ake ƙunshe kaya leda ce. Da na je ɗauka da safe, na tarar ya shimfiɗa farar a kan kujerun.

"Malam," in ji shi, "ka bar leda a kan leda. Na ƙasa bai bushe ba."

"Ba ta bushe ba, Terna. Leda mace ce."

"Mace ko namiji, Malam, bai bushe ba."

Na tuntsire da dariya, na ja mota ina shirya yadda zan ba ɗalibaina labari ranar Litinin. Wallahi kuskuren kawai na ji, saƙon ko kusa bai shiga kunnena ba.

A ƙofar gidan Baffa na dubi farar ledar nan na ce, wannan ai ƙauyanci ne, sai ya ce ina nuna masa sabon abu. Na fizge ta. Na ji tana ɗan mannewa, na ce halin sabon kaya ne.

Baffa ya fito cikin farar shadda, babbar riga ta sha guga. Ya shafa ƙofar motar, idonsa ya kawo ruwa, ya yi wa mahaifina addu'a, ya zauna ya jingina sosai. Ranar Lafiya kuwa kun san ta, jif ɗin kuma ba ta san wani abu wai shi esi mai sanyaya mota ba. Har yana ce mini, "Ashe kana da hankali." Kaina ya kumbura, na ƙara rage gudu don ya daɗe yana jin daɗi.

Muka iso gidan su Balaraba, an shimfiɗa tabarmi, dattawan ɓangare biyu sun hallara. Na zagaya da sauri na buɗe masa ƙofa. Ya yunƙura, kujera ta ce ba inda za shi. Ya sake yunƙurawa da bisimilla, sai muka ji ɓaaat, kamar an ɓare filasta. Daga kafaɗa har ƙasa, jajayen layuka sun jeru a bayansa kamar kifin da aka gasa a kan waya.

Shi bai sani ba, yana ta miƙa hannu ana gaisawa, duk wanda ya wuce sai ya kama tari. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na gaya masa gaskiya. Ya tuɓe rigar, ya ɗaga ta sama ya ƙare mata kallo.

"Mai ɗinkin bai gaya maka ba?"

"Ya gaya mini, Baffa."

"Me ya ce?"

"Ya ce bai bushe ba."

"Kai kuma ka ce me?"

Na sunkuyar da kai. "Na ce masa ba ta bushe ba ake cewa."

Dattawan da ke ta riƙe dariya suka sake ta gaba ɗaya, har da ƙanin mahaifina da ya zo nema mini aure.

Wata biyu gidajen biyu suka yi niyyar sawa. Baffa Sule, yana zaune da 'yar ciki, ya ce ya ba ni Balaraba, amma wata shida. Aka tambaye shi dalili, ya ce, "A bar yaron ya bushe."

Balaraba ta yi mako guda ba ta ɗaga wayata. Da na mayar wa Terna motar, ya tsinci zaren farar shadda a jikin kujerar, ya dube ni ya ce, "Malam, yanzu kam ta bushe."

Tun daga ranar, idan mai sana'a yana magana, sai in bar shi ya kai aya, in tambaye shi me yake nufi. Jan birona kuma a makaranta nake barin sa.