Ranar da Baba Ya Ce Ni Nasa Ne

Ko na tsufa na manta sunana, ba zan taɓa mantawa da rijiyar nan ba. Zamanin Turawa ne, ina koyon aikin gini da rijiyoyi a Katsina. Malaminmu wani Bature ne mai shegen iyayi. Siminti muka zo koya, amma shi wai sai mun iya magana da tunani. Kullum huɗubarsa ɗaya: ka dubi mutum cikin ido, ka tambaye shi dalili. Ni kuwa, sarkin zaƙewa, na haddace tsaf.

Aka tura ni wani ƙauye kusa da Dudunni in zaɓi wurin rijiya. Babana ya hau jaki tun daga Kankia don ya ga ɗansa na aiki. (Ni ne ɗan fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, balle ya nuna ni a cikin mutane.) Ya raɓe can bayan taro kamar baƙo.

Mai gari ya nuna gindin wata tsamiya ya ce, "Nan za a gina."

Ina tsaye ƙiƙam, da takalmi, na zuba masa ido na ce, "Saboda me?"

Wuri ya yi tsit. Ni kuwa na ɗauka hikimata ce ta kama su, sai na ƙara: "Kawo hujjarka."

Wayyo ni! Dattijon ko kallona bai yi ba. Ya juya ga jama'a ya ce, "Wannan ɗan wane ne?"

Sai na ga Baba ya taso, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa cikin ƙasa. "Nawa ne, ranka shi daɗe. A yi haƙuri, laifina ne."

Kuma ku ji abin haushi: da na ba Baturen labari, murna ya yi, wai na nuna ƙarfin hali! Ƙarfin halin banza! Ya koya mini tambaya, bai koya mini yadda ake yin ta a gaban manya ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Yanzu masu koyon aiki a hannuna nakan ce musu su tambayi dalili, amma su durƙusa tukuna. Tun ina yaro nake jiran ranar da Baba zai ce ni nasa ne a gaban jama'a. Ya faɗa sau ɗaya, yana ba da haƙuri.