Sai Mai Kati

"Lahiya lau, in ban da ƙarnin kihin da ka kwaso min har cikin ɗaki," in ji Ɗanbaba.

"Da shi anka raine ka, ɓarawon tarun ubana," Mati ya mayar masa yana tuɓe takalmi.

Taubasai ne. Innar Mati ƙanwar uban Ɗanbaba ce. Ta rasu ba ta bar hoto ko ɗaya ba, kabarinta ma yana ƙarƙashin ruwan Kainji tare da tsohon garinsu. Wani malamin makaranta ne ya gaya wa Mati cewa yau wata tashar talabijin ta waje za ta nuna fim ɗin da Turawa suka ɗauka a garin kafin ruwa ya ci shi. Mati kuwa ya tuna ranar sarai, Inna na daka suka tsaya a kanta. Shi ya sa ya taso daga Warra zuwa Yelwa ko karyawa bai yi ba.

"Kunna muna wanga ƙaton kwano da ka ɗora bisa ɗaki kana roƙon sama," in ji Mati.

"Ka makara, baƙauye. Tun watan jiya wani kamfani ya saye tashar shi kaɗai, ya kulle. Sai mai kati."

"Malam ya hwaɗa min. Ka ɗauka irinka ni ke, in taho hannu rabbana?"

Mati ya kwance wani ƙullin leda, ya zaro kati wanda ya yi jawur don tsufa. Katin da aka ba su ne ranar da aka tashe su, da lambar gidansu na sabon gari.

"Ga shi, har da sunan garin a jiki. In ba su buɗe muna ba, wa za su buɗe ma?"

Ɗanbaba ya wage baki zai yi dariyar da za ta ishe shi shekara, sai ya fasa. Tausayi ya kama shi.

"Ba irin wanga ba, Mati. Nasu a Ikko aka sai da shi."

"Mutanen Ikko su ga Inna, ni ban gan ta ba?"

Ɗanbaba ya kunna talabijin ɗin kawai. Hoton ya fito a yamutse kamar kunun da ake damawa, amma sauti ras. Wani Bature na ta zuba, bayansa ana lugude. Ɗanbaba ya yi wuf ya jawo rakoda ya danna. Mati ya manna fuska a gilashin, yana neman ko da gefen zanenta ne. Can sai luguden ya tsaya, wata murya ta tashi.

"Mati! Hito daga jirgin mutane, ɗan nema!"

Mati ya zauna daɓas a ƙasa, hawaye na bin gemunsa.

"Ka ji ko?" ya ce da ƙyar. "Duk duniya ta ji ni ta kira."

"Zagi ne hwa."

"Kai ka samu?"

Ɗanbaba ya yi dariya yana goge ido da hannun riga. "Na sallama, ban samu ba." Ya zare kaset ɗin ya miƙa masa. "Ungo. Tahi da ita gida, ta ƙarasa maka hwaɗan."